Firinta Ba Ta Amsa Sallama

Mu biyu ne a shagon, wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya. Shagon yana Samaru, a Zariya, cikin jerin shagunan da ke kallon Jami'ar Ahmadu Bello, inda da wuya ka wuce ƙofa uku ba ka ga an rubuta fotokwafi da buga takardu da ɗinkin firojet ba. Sana'ar gado ce, in an yi wa kalmar sassauci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tafireta ya yi shekaru yana bugawa a gindin wata dalbejiya kusa da kotu, yana rubuta wa mutane takardar koke da ta rantsuwa da ta cinikin gona. Shi in ya danna harafi, yana kallo harafin zai sauka a kan takarda. In bai fito ba, ya san ribon ne ya bushe ko wani ƙarfe ne ya maƙale, kuma duka biyun suna gabansa, hannunsa yana kaiwa. Mu kuwa tsakanin yatsanmu da takarda akwai tafiyar da ido ba ya gani. Ka danna a nan, saƙo ya bi waya ko iska, ya ratsa ta wata 'yar na'ura mai ƙyaftawa a saman kanta, sannan ya isa inda za a buga shi. Ranar da bai isa ba, ba ka da abin kamawa sai zato.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfuta uku, janareto, injin ɗinke takardu, sai babbar firinta ta hannu da muka saya da rabonmu na filin da Baba ya bari. Tana fotokwafi, tana bugawa, tana ɗaukar hoton takarda. Wanda ya haɗa mana ita ya ja waya daga bayanta zuwa rauta, wato 'yar na'urar nan da ke raba intanet, ya saita kwamfutocin, ya rubuta mana wata lamba a bangon littafin bashi: 192.168.0.105. Ya ce adireshinta ke nan. Muka ce to, ba mu tambayi wa ya ba ta adireshin ba, ko kuma ko nata ne na dindindin.

Na ukunmu yaro ne, ɗan Yayarmu, shekararsa goma sha bakwai. Ya gama sakandare yana jiran sakamako, ita da kanta ta kawo shi har shago ta ce, “Ga ɗanku nan. Ku koya masa abin da zai ci abinci, kada ya zauna a bakin titi.” Yaro ne marar surutu, mai saurin hannu. Cikin wata biyu ya fi mu iya jera shafuka. Kwamfutar lungu muka bar masa, muka kuma kafa masa doka ɗaya: kome zai yi, kada ya taɓa bayan babbar firinta. Kalmar sirrin intanet ma ba mu ba shi ba, wai kada ya shagala da waya.

Abin ya faru wata Litinin cikin hunturu, a tsakiyar lokacin firojet. Wanda bai zauna kusa da jami'a ba ba zai gane abin da wannan lokaci yake nufi ba. Shi ne kakarmu. Ɗalibi zai zo da shafi tamanin, yana son kwafi huɗu, malaminsa ya gyara, ya dawo a sake bugawa, a sake gyarawa. Abin da muka samu a makonnin nan shi ke biyan hayar shekara. Da safen nan ɗayanmu ya zo da sabuwar waya da ya saya ranar Lahadi, muna ta juya ta muna yaba kyamara. Wajen ƙarfe tara aka ɗauke wuta. Muka tayar da janareto, muka bar firinta a kashe na 'yan mintuna kamar yadda muka saba, sai wutar ta daidaita, don muna tsoron kada ta ƙona mana ita. Yaron ya ɗauki tsumma yana goge ƙurar da ta kwanta a kan kaya. Muka ga hannunsa ya zagaya ta baya. Ba mu ce kome ba a lokacin.

Da aka kunna ta, ta yi gurnaninta ta yi ɗumi, koren fitila ya kama. Aka tura aikin farko. Shiru. Aka sake turawa. Shiru. A fuskar kwamfuta, ƙarƙashin hoton firinta, kalma ɗaya ta Turanci ta fito: oflayin. Wai ba ta kan layi, alhali ga ta nan a gabanmu, taku biyu, tana huci.

Duk mai shago irin namu ya san jerin abin da ake yi, kuma mun yi su duka. Muka kashe ta muka kunna. Muka kashe kwamfuta muka kunna. Muka zare wayar baya muka hura mata iska muka mayar. A da sau biyu ko uku ta taɓa yi mana haka, muka kashe kome muka kunna ta dawo, muka ce halinta ne. Wannan karon ta ƙi. Muka buɗe layin jira, inda ayyukan da aka tura suke tsayuwa kafin a buga su, muka tarar sun yi cunkoso, na gaba ya tare na baya. Muka tsayar da shirin da ke kula da layin, muka share duk abin da ya tara, muka sake tayar da shi. Muka cire direba, wato 'yar manhajar da ke yi wa kwamfuta tafinta in za ta yi magana da firinta, muka sake sakawa. Da ta tambaye mu adireshi, muka buɗe littafin bashi muka kwafa mata 105 ɗin nan da hannunmu, harafi bayan harafi, muna taka-tsantsan kada mu yi kuskure.

Shago ya cika. Wata ɗaliba tana kuka a hankali don ƙarfe sha biyu aka ba ta. Wani yana ta kallon agogo yana tsaki. A cikin wannan zafin ne aka tuna da tsumma.

“Kai, me ka taɓa a baya?”

“Kawu, ƙura kawai na goge.”

“Ba mu hana ka ba?”

Ya yi shiru. Can ya ɗaga murfin firinta, ya sa wata takarda, ya danna. Kwafi ya fito tas. Ya ce, “Kawu, ai tana fotokwafi. Ita lafiyarta ƙalau. Kwamfuta ce ba ta ganinta.”

Duk abin da aka faɗa a shagon nan cikin kwana huɗu, babu maganar da ta kai wannan daidai. Amma daga bakin wanda ake tuhuma ta fito, a gaban mutane, kuma mu ne manya. Sai muka ji ta kamar rashin kunya. Muka tafi sallar Azahar muka bar shi a lungunsa. Da muka dawo babu abin da ya canza, muka gwada dabara ta ƙarshe: mu haɗa ta da kwamfuta kai tsaye da wayar USB. Wayar da muke da ita gajera ce, sai muka jona mata wata doguwa mai araha, muka ja ta ƙarƙashin tebur. Kwamfuta ta ce ba ta gane abin da aka soka mata ba. Daga baya ne muka san cewa irin wannan wayar ba a son ta wuce mita 5, tamu kuwa da jonin ta kusa ninka haka. A ranar dai abin da muka fahimta shi ne, ta baya ta ƙi, ta gefe ma ta ƙi, ashe yaro ya ƙona wani abu a ciki.

Bayan La'asar aka sallame shi. Aka faɗa masa magana a kan hannunsa da ba ya jin hani, aka haɗa har da cewa filin kakansa ne ya lalata. Aka ce kuɗin watansa zai tafi wajen gyara. Ɗayanmu ne ya faɗa, ɗayan yana tsaye bai hana ba. Mun yi shawara kafin rubuta wannan ko mu bayyana wane ne wane, muka ga babu amfani. Yaron ya ajiye tsumma a kan tebur, ya ce, “Allah ya ba ku haƙuri, Kawu,” ya fita.

Talata muka kira mai gyara. Tun yana bakin ƙofa, kafin ya ajiye jaka, muka ce masa yaro ne ya taɓa bayanta. Yanzu in muka tuna sai mu ga mu muka ba shi amsa kafin ya yi tambaya. Ya zauna, ya buɗe wani baƙin allo a kwamfuta, ya aika ɗan saƙon gwaji zuwa 105, irin wanda ake aikawa don a ji ko akwai mai rai a adireshi. Amsa ta dawo, layi huɗu. Ya ce, “Kun gani? Hanya lafiya lau. Ana sallama ana amsawa. Karɓar aikin ne ba ta yi, allon cikinta ne ya tafi.” Ya faɗi kuɗin sabon allo, sai an aiko daga Legas. Kuɗin ya fi cinikin wata biyu. Muka ce zai ji daga gare mu.

Kwana biyu muna karɓar aiki a filash, ɗayanmu ya ruga shagon maƙwabci ya biya a buga, ya dawo mu ɗinke. Riba ta zama ta maƙwabci, gajiya tamu. Ɗalibai ba sa jira, kuma ba mu ga laifinsu ba. Yaya ba ta kira ba, mu ma ba mu kira ba. A gida matanmu suka daina tambayar labarin shago.

Ranar Alhamis da hantsi wata ɗaliba ta shigo, 'yar ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, da hijabi ruwan toka da jakar goyo. Muka ce mata firinta ta lalace, sai dai mu kai mata maƙwabta. Ta dubi koren fitilar ta ce, “Malam, tana kwafi?” Muka ce tana yi. Ta ce, “To ku ba ni minti biyar.”

Ba ta taɓa kwamfuta ba tukuna. Gaban firinta ta je, ta shiga 'yan maɓallan da ke fuskarta, ta sa ta buga takardar bayanin kanta. Ashe kowace irin wannan firinta tana iya faɗin sunanta da adireshinta da adadin shafukan da ta taɓa bugawa, ba tare da kwamfuta ta sa baki ba. Shekara uku muna tare da ita ba mu taɓa tambayarta ba. Takarda ta fito da ɗuminta. Ɗalibar ta sa yatsa a kan wani layi: 192.168.0.106.

Ta ce, “Ta tashi daga gidan da kuka sani. Kuna ta aika wasiƙa tsohon gida.”

Ta yi mana bayani, kuma za mu maimaita shi yadda muka fahimta, don mun san akwai masu shago da yawa da ke zaune a kan irin wannan ramin. Adireshin da rauta ke ba kowace na'ura aro ne. Duk wanda ya shigo, waya ko kwamfuta ko firinta, sai ya nemi lamba, ita kuma ta ba shi wadda ba kowa a kai. Ƙananan rautoci da yawa in wuta ta ɗauke mantawa suke yi da wa suka ba me, in ta dawo su fara rabo daga farko. Tamu daga 100 take farawa. Kullum kwamfutoci uku da wayoyinmu biyu ne ke riga shiga, su kwashe 100 zuwa 104, firinta da muke kunnawa a ƙarshe ta sami 105. Shekara uku sa'a ce kawai take riƙe da mu, da kuma al'adarmu ta jinkirta kunna ta. Ranar da aka sami baƙo na shida ya shiga kafin ta, shi zai ɗauki 105, ita ta matsa gaba. Kwamfuta kuwa ba wanda ya gaya mata an yi ƙaura.

Muka ce, to amma mai gyara ya yi sallama a 105 an amsa.

Ta ce, “An amsa mana. Ba dai mai gidan ba ne. Bari mu ga wa ke ciki.”

Ta buɗe shafin rauta, ta shiga jerin na'urorin da ke haɗe. Ga su nan a jere, kowace da lambarta. A gaban 105 sunan sabuwar waya ne, da samfurinta da kome, wadda a lokacin take cikin aljihun ɗayanmu. A 'yan mintunan nan na safiyar Litinin, muna jiran janareto ya daidaita, aka sa mata kalmar sirri. Tun daga ranar kullum tana cikin shago kafin a kunna firinta. Kwana huɗu firojet ɗin mutane yana zuwa ƙofar waya yana ƙwanƙwasawa.

Babu wanda ya dubi ɗan'uwansa a cikinmu.

Gyaran bai kai minti goma ba. Ta sa aka kashe intanet ɗin wayar. Ta shiga rauta ta ɗaure 105 da lambar jikin firinta, wadda aka yi ta da ita tun daga masana'anta kuma ba ta canzawa, yadda ko wa ya riga shiga ba za a ba shi wannan adireshin ba. Ta kashe firinta ta kunna. Tana jira ta yi ɗumi take ba mu labari, wai kada mu ji kunya, firinta ta sha ba manya wahala. Ta ce wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, akwai wani masani Richard Stallman. Tsohuwar firintarsu ya gyara mata manhaja yadda in takarda ta maƙale za ta aika wa masu jira saƙo. Da aka kawo sabuwa ta kamfanin Xerox ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya yi mata haka, aka hana shi. Haushin wannan yana cikin abin da ya sa a 1983 ya shelanta aikin GNU, na manhajar da kowa ke da 'yancin buɗewa ya gyara. Ta ce lasisin da ya fito daga wannan aikin shi Linux ke amfani da shi, Android kuma a kan Linux aka gina ta. Ta nuna aljihun da wayar take ta yi dariya. Mu dai murmushin yaƙe muka yi.

Aikinta ya fita, shafi sittin da wani abu, ba tangarɗa. Ta ce a kunna sauran kwamfutocin a tabbatar kowace tana gani. Ta biyu ta buga. Sai ta lungu, wadda ba wanda ya kunna tun ranar Litinin. Layin jiranta ba mu share shi ba, don ba mu ma tuna da ita ba. Tana gama tashi firinta ta fara ja da kanta.

Shafi bakwai ne. Na farko an rubuta “gwaji” a sama, sauran farar takarda. Na biyu “gwaji 2”. Haka har na shida. A jerin da ke kan allo ga lokacin da aka tura kowane: ɗaya da minti arba'in, ɗaya da minti arba'in da shida, biyu saura, duk muna masallaci. Na bakwai an rubuta, da ƙananan haruffa, babu aya: “gwaji 7 ba ni ba ne gwaji”.

Ɗalibar ta miƙo mana su tana tambaya ko na wani kwastoma ne. Muka ce namu ne. Ta ƙi karɓar ko sisi, mu ma muka ƙi karɓar kuɗin bugunta, aka rabu a haka.

Akwai abin da muka lura da shi tun daga lokacin, a shagonmu da na maƙwabta. In firinta ta yi shiru, mutum bai cika cewa “ban san dalili ba”. Sai ya waiwaya ya nemi wanda ya taɓa ta a ƙarshe, kuma wanda ya taɓa ta a ƙarshe kusan kullum shi ne mai shara, don shi aikinsa taɓawa ne. Hausawa sun ce an bar jaki ana dukan taiki. Mu jakin ma a aljihu muke ɗauke da shi, muna fito da shi muna nuna wa mutane kyamara.

Daren Juma'a muka je gidan Yaya a Tudun Wada, da kuɗin watansa cikakke a ambulan, da shafi na bakwai a ninke. Ta amsa gaisuwa, ta sa aka kawo ruwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har da jariri. Muka faɗi abin da ya kawo mu, ba mu rage kome ba, har da wayar. Ta saurara har muka gama.

Ta ce, “Da ya dawo ranar nan bai ci abinci ba. Na tambaye shi, ya ce shi ba korar ce ta dame shi ba. Filin Baba da kuka ambata ne.”

Muka ce, “Yaya, mun yi kuskure. A yafe mana.”

Ta ce, “Ni ba ni kuka yi wa ba.”

Aka kira shi. Ya durƙusa ya gaishe mu kamar kullum. Muka ba shi haƙuri, mu biyu, kowa da bakinsa. Ya ce, “Ba kome, Kawu, ya wuce.” Muka miƙa masa takardar. Ya buɗe, ya karanta, ya ɗan yi murmushi ya ce, “Ashe ta fito.” Sannan ya tambaye mu mene ne ya lalace. Muka yi masa bayanin adireshi da rabon lamba, yana gyaɗa kai, har ya riga mu ƙarasa wani wurin. Ya ce da ma ya so ya duba rauta, amma ba shi da kalmar sirri.

Muka ce gobe ya dawo shago. Ya dubi mahaifiyarsa. Ta ce ai ta riga ta kai shi wajen wani mai gyaran waya a Sabon Gari tun ranar Laraba, kuma ba ta son ta zama mai magana biyu. Ambulan ɗin ta karɓa ta ajiye a ƙarƙashin filo.

Yanzu akwai farin salatif manne a gaban firinta, an rubuta 105 da jan biro, a ƙasa kuma: a fara buga takardar bayaninta. Mun sayi wayar USB mai mita 3 mun rataye a ƙusa. Mun ɗauki wani yaron, ba ɗan'uwa ba, mun ba shi kalmar sirri tun ranar farko.

Bayan wata huɗu sakamakonsa ya fito, ya zo shagon da filash a buga masa takardun neman shiga jami'a. Ya gaishe mu, ya zauna a bencin kwastomomi, bai wuce lungu ba. Shafi biyar ne. Da aka gama ya tambayi nawa ne. Muka ce haba, wane irin kuɗi. Ya ce, “A'a, Kawu, ai sana'a ce.” Ya ajiye kuɗin a kan murfin firinta, ya ɗora abin huda takarda a kai don kada fanka ta ɗauke, ya yi mana sallama.